Hayaƙi a Watan Mayu

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo tun shekaranjiya, na ji ku. Wata cewa ta yi in Torunn ba ta buɗe baki a wannan shafin ba ta daina karantawa, kamar ni na ɗinke wa Torunn bakin. Matar da ta yi shekara talatin da uku da magana a ciki ba ni zan sa ta sauri ba. Amma yau kam wurin ɓuya ya ƙare mata, ku gyara zama.

*

Alhamis ce rana ta uku, ita ce kuma ta ƙarshe. Izinin da ake ba baƙi a tsibirin Sildholm ba ya wuce haka, su ne kuma baƙin ƙarshe a bana. Jirgin ruwan Eilif zai shigo da ƙarfe biyu a kan cikar ruwa, ya kwashe su ya fita kafin duwatsun bakin mashigar su leƙo. Daga nan ba zai sake zuwa ba sai bayan mako biyu, da kayan abinci.

Kwana uku ke nan Torunn tana cin abinci a teburin uwar da ta haife ta da sunan baƙuwa. A takardar neman izini ta rubuta Elise Vangen, 'yar hutu daga garin Drammen da ke kudu, mai neman wurin da babu mota babu hayaniya. Ba duka ne ƙarya ba. Elise sunanta na biyu ne, Vangen na mijinta ne, hutun ma da gaske ta ɗauka a kantin maganin da take aiki. Abin da ba ta rubuta ba shi ne a ɗakin saman gidan nan aka yanke mata cibiya.

Yayarta Gudveig tun a matsayar jirgi ta gane ta. Sai da suka yi nisa da sauran baƙin ta ce mata ƙasa-ƙasa kada ta kuskura. Ta ce idon tsohuwar ya tafi, zuciyarta ba ta da ƙwari, da kaka kuma za a mayar da ita gidan tsofaffi a cikin gari, don haka a bar ta ta ƙarasa shekararta ta ƙarshe da agwaginta lafiya. Torunn ta ce to. Maganar da ta yi ta bita a jirgin ƙasa yini guda cur, ta haɗiye abarta.

Shi ya sa take kiran uwarta da Oddny, gatsal, yadda baƙi ke kiranta, kuma duk sanda sunan ya fito daga bakinta sai ta ji nauyinsa. Shekararta hamsin da biyu, 'ya'yanta biyu sun girma sun bar gida, amma abin da ya ɗauko ta tun daga kudu bai wuce na ƙaramar yarinya ba. So take ta ce Mama sau ɗaya, a amsa mata.

Wanda ya manta abin da ya raba su, in tuna masa a gajarce. Duk ɗan da ya tashi a tsibiran nan ya san dokar watan Mayu tun kafin ya iya rubuta sunansa. Lokacin da agwagin teku ke fitowa da sassafe suna duba akurkan da aka shimfiɗa musu busasshiyar ciyawar teku, ba a ɗaga murya, ba a buga ƙofa, ba a hura wuta sai sha biyun rana. Agwagwa ta ga hayaƙi ta tafi ke nan, ita da lallausan gashin ƙirjinta da ake yin bargo da shi, wanda shi ne abincin gidan na shekara. Torunn tana da shekara goma sha tara ta dawo daga korar hankakin da ke shan ƙwai a arewacin tsibiri da ƙarfe tara na safe, ta tarar da babanta Sigvald shi kaɗai a kan gado. Kwalekwalensa ne ya kife, ya yi iyo ya fito, leɓɓansa sun yi baƙi, haƙoransa na ta haɗuwa. Ba ta tsaya tunani ba ta hura murhu. Agwagi ɗari da arba'in suka watse a safiyar nan. Uwarta ta shigo a guje, ta wanke ta da mari, ta ce mai hura wuta a watan Mayu ba 'yarta ba ce. Bayan kwana takwas ciwon huhu ya ɗauke Sigvald a asibiti, washegarin binne shi Torunn ta shiga jirgi.

Bayan abincin rana, kifi da dankali kamar jiya, sauran baƙin uku suka rataya madubansu na hangen nesa suka tafi yi wa tsuntsaye kallon ƙarshe. Torunn ta sauko da jakarta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta duba agogo, saura sa'a ɗaya. Ta ce wa kanta iska kawai za ta sha, amma ƙafarta ta kai ta ɗakin aiki, inda take jiyo 'yar waƙar nan da uwarta ke yi ta hanci in tana aiki, waƙar da ba ta da baiti. A Drammen, in ta rasa barci, wannan sautin take nema a cikin kanta, kuma da shekaru suka yi nisa ya fara ɓace mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, tana so ta tafi da shi.

Oddny tana zaune da jan ɗankwalinta da rigar sanyi ta maza, garaya a kan cinyarta. Garaya muke kiran abin, ko da yake ba wanda ya taɓa rawa da ita. Katako ne mai kusurwa huɗu da igiyoyi a ɗaure a jere, a ɗora gashin a kai a riƙa gogar igiyoyin da 'yar sanda, ciyawa da ɓawon ƙwai su zube ƙasa, lallausan ya tsaya a sama. Gudveig tana bakin taga tana tsintar abin da garaya ta bari.

"Elise," in ji tsohuwar, ba ta ko juyo ba. "Kwana biyu kina gudun garayata."

Torunn ta ce gashin ne yake sa ta atishawa.

"A gidan nan ba a taɓa binne kowa saboda atishawa ba. Zauna."

Ta zauna, tsohuwar ta turo mata wata garayar da 'yar sanda. Gudveig ta watso mata wani kallo da ba ya buƙatar fassara, ki yi kamar ba ki iya ba. Niyyarta ke nan ita ma. Ta riƙe sandar a karkace, ta yi gugar farko da ta biyu kamar mai kankare tukunya, har tsohuwar ta yi tsaki ta ce Jamusawan bara ma sun fi ta. Amma ɗumin gashin ya hau yatsunta, warin ciyawar teku ya cika mata hanci, uwarta ta koma waƙarta ta hanci a gefen kunnenta, kusa ƙwarai, har kafaɗarsu tana gogar juna. Daɗin wannan kusancin ne ya ɗauke mata hankali. Ta manta da Elise, hannun ya koma inda ya saba, uku gaba, ɗaya baya, a juya gashin da ɗan yatsa, uku gaba, ɗaya baya.

Sai da ta ji ɗakin ya yi tsit ta lura waƙar ta tsaya.

"A kantin magani ake koyar da wannan?" in ji tsohuwar.

Gudveig ta yi caraf ta ce ai mutanen birni yanzu komai a waya suke kallo, ta yiwu ta taɓa gani.

"Gudveig, ido na rasa, kunnena yana nan." Tsohuwar ta ajiye sandarta. "Mu huɗu ne muka taɓa yin uku gaba ɗaya baya. Uwata tana kabari. Ni ga ni. Ke ga ki can kina zare ido, ko ban gani ba na sani. Ta huɗun fa?"

Sandar ta suɓuce daga hannun Torunn.

"Kada ki wahalar da kanki, tun ranar Talata na sani. Matakala ta uku tana ƙara, kuma duk baƙon da ya taɓa kwana a gidan nan sai da ya taka ta. Ke kika tsallake ta. Wai Elise. Ni na raɗa miki Elisen, sunan kakarki ne, shi ne za ki zo ki laɓe min a bayansa."

"Me ya hana ki magana?"

"Ke me ya hana ki?"

Mu mutanen bakin tekun nan muna da wata cuta da likita bai san ta ba, mun ɗauka shiru ma magana ce. Uwa da 'ya sun yi kwana uku suna miƙa wa juna man shanu a tebur, kowacce tana jiran ɗaya ta fara, ga agogo yana tafiya. Ni dai abin haushi yake ba ni, amma da ni ce a wurin ba na jin zan yi abin da ya fi nasu.

Torunn ta sauka daga kujera ta tsuguna a gefen uwarta. Maganar da ta tsara a jirgin ƙasa ta fito a hargitse, ƙarshe a farko, farko a ƙarshe. Ta ce ba gida ta zo nema ba, ba ta zo tayar da hankalin kowa ba. Ta ce ta san ɓarnar da ta yi, ta karanta a jarida cewa sai da aka yi shekara shida kafin agwagin su dawo kamar da, ta san abin da shekara shida babu gashi yake nufi ga mace da ta rasa miji. Ta ce ba a taɓa yin watan Mayun da bai dawo da ita ɗakin nan ba. Hannunta yana kusa da na tsohuwar, tana son ta riƙe, tana tsoron a janye.

"Ki yafe min wutar nan," ta ce. "Shi kaɗai na zo nema."

Oddny ta juya fuska wajen taga. Da ta yi magana kuma ba da ita ta yi ba.

"Gudveig, ƙarfe nawa babanku ya shigo gida ranar nan?"

"Mama, likita ya ce kada ki riƙa..."

"Likita yana gari. Ƙarfe nawa?"

Gudveig ta juya ta kalli taga. Mace ce mai ƙirar babansu, wadda ke ɗaukar buhun ciyawar teku biyu a kafaɗa, amma muryar da ta fito daga bakinta 'yar ƙarama ce.

"Huɗu."

"Tara," in ji Torunn. "Ni na same shi."

"Tara kika same shi. Huɗu ya shigo."

Tsohuwar ta ba da labarin a hankali, ba ta ƙara ba ta rage ba, kamar mai faɗin abin da ya faru da maƙwabta. Ta ce da rarrafe ya iso ƙofar baya. Ita da Gudveig suka cire masa kaya, suka ɗora shi a gado, suka lulluɓe shi da bargo uku. Ta leƙa ta taga, ta ga agwagi sun cika bakin ruwa suna hawowa, tun da aka kawo ta tsibirin ba ta taɓa ganin shekara mai yawan wannan ba. Ta ce wa kanta ai bargon gashi ya fi wuta, ai Sigvald ƙarfe ne, ai ba yau ya fara faɗawa ruwa ba.

"Ya kira ni. Ya ce Oddny, hura min wuta." Ta ɗan tsaya. "Na ce sai sha biyu."

"Me ya ce?"

"Ya ce to. Kin san babanki."

Daga nan, in ji ta, ta kasa zaman kallonsa yana karkarwa, ta fita ta bayan gida ta tafi duba akurkan yamma, ta aika Gudveig na kudu. Sa'a biyar ya yi a ɗakin nan mai sanyi kamar rijiya kafin Torunn ta turo ƙofa.

Torunn ta juya ta dubi yayarta. Gudveig ba ta jira a tambaye ta ba. Ta ce tana da shekara ashirin da huɗu, ba yarinya ba ce, kuma ashana tana cikin aljihun rigarta duk tsawon safiyar. Ta ce ta taɓa ta sau biyu ta fasa.

"Shi ne kika tare ni a bakin ruwa da zancen zuciyarta."

"Zuciyarta ba ta da lafiya, ban yi miki ƙarya ba," in ji Gudveig. "Amma kaina nake karewa."

Oddny ta laluba ta ajiye garayar a ƙasa. Ta ce tana can yamma ta ɗaga kai ta ga hayaƙi yana fita daga bututun gidanta, ta ga agwagi suna tashi, amma wallahi ba su ta fara tunawa ba.

"Abin da ya zo min shi ne, yarinya 'yar sha tara ta yi abin da ni matarsa na kasa. Da na shigo na gan ki a durƙushe gaban murhu kina murza masa ƙafa, kunya ta kama ni irin wadda ban san inda zan sa ta ba. Ban iya marin kaina ba, sai na mare ki. Ba don kin hura wuta na kore ki ba, Torunn. Don ni ban hura ba ne."

Karo na farko ke nan a shekara talatin da uku da ta ji sunanta a bakin uwarta. Ta daɗe tana tunanin yadda za ta ji ranar da hakan ya faru, ta ɗauka kuka za ta yi na daɗi. Ga shi ya zo, ta ji daɗin kuwa har cikin ƙashinta, amma wani abu mai zafi ya biyo bayansa ya danne shi. Ta tuna watannin Mayu talatin da uku da ta yi ba ta iya ƙyasta ashana ko don kyandir, mijinta yana mata dariya. Ta tuna ranar da 'yarta ta tambaye ta me ya sa su ba su da kaka ta wajen uwa, ta ce mata ita ce ta yi laifi tana yarinya. Ta tuna ranar aurenta, da ta yi ta waiwayen ƙofar coci.

Ta miƙe tsaye. Ta tambaya ko an taɓa nemanta, ko da kati ɗaya ne na Kirsimeti.

"A'a," in ji Oddny. "Na san inda kike, ɗan'uwan babanki ya faɗa min tun shekarar farko. Ban rubuta ba. Muddin kina can kina ɗauke da laifin, ni nan ina iya tashi da safe in yi aiki. Ba zan gyara miki maganar ta yi daɗin ji ba, haka take."

"To me ya sa yau?"

"Da kaka za su ɗauke ni daga nan. Ba na son in je in zauna a kujera ina kallon bangon da ba na gani, da wannan a ƙirjina. Kuma kin zo kin tsuguna min kina ba ni haƙuri. Wannan kam ya fi ƙarfina."

Gudveig ta ce a hankali jirgi ya shigo mashiga. Eilif ba ya busa ƙaho a Sildholm, tun daga nesa yake kashe inji ya ƙaraso da gora, don haka sai mai kallon taga ke sanin zuwansa.

Torunn ta dubi tsohuwar. Ta yi ƙanƙanta a cikin rigar nan, hannayenta duk jijiya, ɗankwalin ya zame ya nuna farin gashi. Har yanzu so take ta rungume ta, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Da za ta ji ta tsane ta da tafiyar ta yi sauƙi.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," ta ce. "Da yau ce. Ga shi a kan gado, ga agwagi suna hawowa, ya ce ki hura masa wuta. Za ki hura?"

Kowace uwa a duniya da ta ce e kafin a rufe baki. Amma Oddny ba ta iya faɗin abin da ba ta auna ba, ko farashin ƙwai ne. Yatsunta suka sami wani guntun gashi a kan cinyarta suna ta juya shi. Leɓenta ya motsa, ya tsaya. Torunn ta jira, ta ƙara jira, har ta ji muryoyin baƙin nan uku suna wucewa ta bayan ɗaki da jakunkunansu.

"Na ji amsar," in ji ta. "Na gode da masauki, Oddny."

Ta fita. Ko a hakan, da hannu biyu ta mayar da ƙofar don kada ta yi ƙara.

Hanyar matsayar jirgi gangara ce ta kan dutse. A gefenta akwai akurkai bakwai da Gudveig ta ɗaura wa jan ƙyalle, na agwagin da suka makara, har yanzu suna kwance a kan ƙwai alhali 'yan'uwansu sun daɗe da jan 'ya'ya zuwa ruwa. A saman dutsen hankaki biyu suna zaune suna jiran wadda za ta yi sake ta tashi. Torunn ta wuce su a kan yatsun ƙafa, jaka a rungume, hawaye na zuba ba ta share ba. Tana tafiya tana kallon komai kamar mai tattara kaya, rufin gidan da ciyawa ta tsiro a kai, turakun shanya kifi, dutsen da take zama ta jira kwalekwalen babanta. Ta san in ta fita yau ba za ta sake ganinsu da uwarta a ciki ba.

Eilif ya miƙo hannu ya karɓi jakar. Ajinsu ɗaya a makarantar kwana ta cikin gari, yanzu ya yi tumbi ya yi furfura.

"Taka a hankali, Torunn, katakon nan yana da santsi."

Ta dube shi.

"Kai ma?"

"Haba. Wuyan Sigvald ne da ke, ko a cikin hazo na hango shi na san na waye. Aikina tuƙi ne, shi ya sa na yi shiru." Ya leƙa fuskarta, wasan ya bar tasa. "An yi ne?"

Ta ce an yi. Bai ƙara tambaya ba. Ta shige can baya ta zauna nesa da sauran baƙin, ta juya wa tsibirin baya da gangan. Eilif ya kwance igiya, ya dogara gora a jikin dutse ya tura, jirgin ya fara zamewa shiru a kan ruwa. Taku biyar, taku goma. Ɗaya daga cikin baƙin yana ce wa matarsa a duk yawonsu bai taɓa zuwa wurin da ya kai nan kwanciyar hankali ba.

Sai aka ƙwala kira daga sama.

"Torunn!"

Ba ta gane muryar ba da farko, don ba ta taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, ko ranar mari. Ta juya. Oddny ce tsaye a bakin gangara, ita kaɗai, ba sanda, ta biyo igiyar shanya da hannu har inda ta ƙare. Ɗankwalin ya faɗi, iska na wasa da gashinta. Fuskarta ma ba ta saitin jirgin, ta ɗan karkata wajen da babu kowa.

"Zan hura! Kina ji na? Zan hura!"

Akurkan nan bakwai suka fashe lokaci ɗaya. Agwagin suka fito a firgice suna dukan ƙasa da fukafukai, suka yi ruwa, suka bar ƙwai a buɗe. Hankakin suka sauko. Tsohuwar tana jin duk abin da ke faruwa a gefenta, ta fi kowa sanin ma'anar kowane sauti, amma ba ta juya ba. Ta saki igiyar ta ɗaga ƙafa tana laluben dutsen gangara, tana ci gaba da kiran sunan. Gudveig ta ɓullo a guje daga bayan ɗakin aiki, ta tsaya cak tsakanin ƙwan da uwarta, ta rasa wanda za ta fara kamawa.

Torunn ba ta san sanda ta miƙe ba. Kalmar Mama da ta zo da ita tun daga Drammen ta hawo har maƙogwaronta ta tsaya a nan, fushin bai sauka ba, kewar kuma ta fi da.

Eilif ya dubi kan dutsen farko da ya fara leƙowa a bakin mashiga, ya kafa gorarsa a ƙasan ruwa ya riƙe jirgin da ƙarfin kafaɗa.

"Ruwa ya fara sauka," ya ce. "In na ajiye ki, sai bayan mako biyu. In juya?"